Kwafe Hotunan Kyamarar Kaset Zuwa Kwamfuta: Darasi Ga Masu Nazarin Harshe a Iyakar Jibiya

Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina zuwa Maraɗi ke tsallakawa ta nufi Ɗan Isa, fage ne da manazarcin karin harshe ba zai raina ba. A nan ake jin "kwastan" da "duwan" a zance guda, ana ciniki da naira da sefa, ana cewa "hwari" da "hulla" irin na Hausar yamma. Sai dai fagen ya sauya. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Saboda haka duk wanda ke riƙe da kaset ɗin da aka ɗauka a wajen kafin waɗannan shekaru yana riƙe da shaidar da ba za a iya sake ɗauka ba. Wannan maƙala ta dubi yadda ake mayar da irin wannan kaset cikin kwamfuta ba tare da an illata hujjar da ke cikinsa ba.

Tun fitowarsa a 1995, ƙaramin kaset na MiniDV ya zama abin aikin masu bincike da masu shirya fina-finan Hausa. Abin lura shi ne bayanan da ke kansa na dijital ne tun asali, don haka kwafe su ake yi daidai-wa-daida, babu buƙatar sauya musu siga. Hanyar yin hakan ita ce wayar FireWire, wadda kamfanin Sony ke kira i.LINK. Ramin USB da ke jikin yawancin waɗannan kyamarori yaudara ce ga mai gaggawa, domin galibi hoto maras motsi ko bidiyo mai rauni kawai yake fitarwa. Sababbin kwamfutoci ba su zuwa da ramin FireWire. Mafita mafi sauƙi ita ce tsohuwar kwamfutar tebur da aka sanya wa katinsa. A kashe kyamara kafin a jona wayar, domin kan wayar mai fil shida yana ɗauke da wuta, kuma kuskuren sakawa na iya ƙona ramin kyamarar. A tura ɗan makullin da ke bayan kaset don hana ɗauka a kansa.

Kwafewar tana cin lokaci daidai tsawon kaset: awa ɗaya a zaune, kimanin gigabayit 13 a ma'aji. Ma'ajin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4, wato ƙasa da minti 20, sai a sauya shi zuwa NTFS ko exFAT. Kaset da aka ɗauka da saurin LP, mai ba da minti 90, yakan yi gardama a wata kyamarar da ba ita ta ɗauke shi ba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe kan na'ura, hoto ya riƙa fitowa da ratsi-ratsi.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an gama. Ganin girman fayil, sai mai bincike ya matse shi zuwa MP4, ya goge na asali. Wannan, a ganina, daidai yake da kwafe rubutun ajami da boko sannan a jefar da takardar. Kaset na MiniDV yana adana sauti ba tare da matsewa ba, ko dai a bit 16 da kilohaz 48, ko a bit 12 da kilohaz 32. Wannan sauti ne ya dace a auna da manhajar Praat idan ana nazarin karin sauti, tsawon wasali ko bambancin furucin /f/ da /hw/. Matsewa tana zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Haka nan kwanan wata da lokacin ɗauka suna saƙe a cikin bayanan kaset. Manhajoji irin su WinDV da dvgrab suna karanta su, har su rarraba fayiloli bisa gare su, amma sauya siga yakan shafe su. Ga bayanan Jibiya wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da sanin ko an yi hira da direba ko ɗan canji kafin rufe iyaka ko bayanta yana iya sauya fassarar maganarsa. A dai gwama wannan kwanan wata da littafin fage, domin agogon kyamara ba kullum ake saita shi ba.

Don haka fayil na asali a bar shi yadda ya sauka, a ajiye shi a ma'aji biyu a wurare daban-daban. Daga gare shi ake fitar da ƙaramin kwafi don yankewa da haɗawa, ko don rubuta zance a manhajar ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen. Ko da hira ta fito lafiya, a nemi yardar masu magana kafin a nuna fuskarsu, domin wanda ya yi bayanin hanyoyin fataucinsa a 2010 ba lallai ne ya so a gan shi yana faɗar haka yau ba.

Tsofaffin kaset na Video8 da Hi8 ba na dijital ba ne, amma da yawa daga kyamarorin Digital8 da Sony ya fara fitarwa a 1999 suna iya kunna su, su miƙa hoton ta FireWire.