Darasi A Kan Dutsen Ɗan Kunne, Domin Masu Haɗa Lefe

Kaka ta yi, an sayar da amfanin gona, samarin Dabawa da na ƙauyukan Kurfi sun fara shiga kasuwar Dutsin-Ma neman kayan toshi da na lefe. Abin da ya fi ɗaukar idonsu shi ne ɗan kunne mai jan dutse ko kore. To, kafin a zare kuɗi daga aljihu, bari mu ɗan yi bayani.

Ku sani son dutse mai launi ba yau aka fara ba, haka kuma yin jabunsa. Kakanninmu mata sun yi ado da murjani da tsakiya da talhatana. Jan dutsen nan aƙiƙ, a garin Kambay na ƙasar Indiya aka daɗe ana sassaƙa shi, fatake da alhazai su kawo. A ƙarni na 19 sai mutanen Idar-Obastain a Jamus suka shiga cinikin, suna sayo dutse daga Barazil, su rina shi ya yi ja, su turo Afirka. Daga baya masu narka gilashi na ƙasar Cek suka kwaikwayi na Jamus ɗin, suka karya farashi. Ita kuwa tsakiyar Ilori, da hannu ake huda ta a goge, kuma fataken Hausa ne ke kai musu ɗanyen dutsen.

Manyan duwatsu su ne yakutu, ja ko shuɗi, da zumurrudu kore. Akwai su a ƙasar nan: shuɗin yakutu a tsaunin Mambila, zumurrudu wajen Nasarawa Eggon. Amma a 1902 wani Bafaranshe, Verneuil, ya bayyana hanyar ƙera jan yakutu da wuta. Launi ɗaya, tauri ɗaya da na haƙa, kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Gilashi dai ana gane shi: yakan yi 'yan kumfa a ciki, bakinsa ya dushe da wuri, a tafin hannu kuma nan da nan ya ɗau ɗumi. Yakutun ƙira kam sai gwani mai madubi. Wanda ya ce muku ya gane shi da ido a bakin rumfa, ciniki yake nema.

Ga inda maganar take. Zinariyar lefe kadarar mace ce, ita za ta ɗaga ranar da ciwo ko haihuwa ya zo da matsi. Ranar saye, a kan ɗora ɗan kunne a sikeli da dutsensa, a biya duka da farashin zinariya. Ranar sayarwa kuwa sai a cire nauyin dutsen. Misali, ɗan kunne giram 5, dutse giram 1: ango ya biya biyar, amarya ta karɓi kuɗin huɗu, ban da ladan ƙira da ya tafi.

Saboda haka a duba hatimi tukuna: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. A tambayi nauyin dutse dabam, a sa mai kanti ya rubuta a rasit. In ya ƙi, a ɗauki wanda ba dutse, ko a je da babbar mace da ta saba ciniki. Saurayin da ƙarfinsa bai kai zinariya ba, ya sai mata na gilashi a farashin gilashi, ya kuma gaya mata ko mene ne, tun kafin 'yan ganin lefe su gaya mata.