Karaya Ba a Ƙashi Kaɗai Take Tsayawa Ba

'Ya'yana, musamman ku da kuke neman abinci a kan babur da a-daidaita-sahu, ku matso kusa mu yi magana a kan karaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara haɗarin hanya yana cinye rai kusan miliyan 1.19, wasu mutum miliyan 20 zuwa 50 kuma su tsira da rauni, da yawansu da nakasa. Shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wanda yake son gani da ido ya leƙa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake aiki tun 1959, ya dubi waɗanda ke kwance da ƙarafa a ƙafa. Galibinsu samari ne majiya ƙarfi, masu riƙe da gida. Sai yaran da suka faɗo daga bishiyar mangwaro suka karye a gwiwar hannu, da leburorin da suka zamo daga kan gini. Akwai kuma iyayenku mata, waɗanda ƙashinsu ke yin rauni bayan ɗaukewar al'ada, har santsin banɗaki ya isa ya karya musu ƙugu.

Ƙashin cinya yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe. Ku auna wannan a gidan da sai an fita ake ɗora tukunya. Ranar da maigida ya kwanta, ranar kuɗin cefane ya tsaya. Mai babur ya karɓe abinsa tunda ba balas. Matar maigidan ta ajiye sana'arta ta koma jinya, ƙanensa ya rufe shago yana zirga-zirgar sayen magani. A fara da sayar da tunkiya, a bi da keken ɗinki, ƙarshe a jinginar da gonar gado. In abin ya faɗo da damina, noman shekarar ma ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron da ake cirewa daga makaranta da sunan "kafin baba ya miƙe", kuma ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa haɗarin hanya yana lashe kashi 3 cikin 100 na arzikin da yawancin ƙasashe ke samarwa a shekara.

Na san tsoron wannan ɗawainiya ne yake sa a wuce asibiti a nufi gidan mai ɗori. Ba na raina masu ɗori. Gado ne, kuma sun taimaki jama'a tun kafin a san asibiti. Amma hannu ba ya ganin abin da hoto yake gani. Gaɓar da ta karye kumbura take yi, in aka jera mata kara aka tamke da tsumma, jini sai ya kasa wucewa. Cikin 'yan awoyi nama ya fara mutuwa. Haka ake kawo yaro Dala hannu ya yi baƙi yana wari, ba abin da ya rage sai yankewa, alhali da filasta kaɗai zai warke. An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Don haka ku riƙe wannan. In ciwo yana ƙaruwa bayan ɗauri, ko yatsu sun yi sanyi, sun canza launi, ko sun daina ji, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. In ƙashi ya huda fata, kada a tura shi ciki, kada a barbaɗa masa komai. A rufe da tsumma mai tsabta a garzaya, domin ƙwayar cuta in ta shiga ɓargo, jinyarta ta shekaru ce. Wanda ake zargin ya bugu a wuya ko gadon baya kuwa, kada a cicciɓe shi a cusa a mota yana lanƙwashewa.

Ku sa hular kwano, ku bar goyon uku da gudun fitar rai, ku nesanci ƙwaya. Ƙungiyoyinku na tasha su ware wani abu a asusu saboda irin wannan rana, ku kuma tambayi hanyar shiga inshorar lafiya ta jiharku tun kuna kan ƙafafunku. In kuma ƙaddara ta faɗa wa ɗayanku, don Allah ku fara kai shi a ɗauki hoton ƙashin kafin kowa ya taɓa shi. Allah Ya tsare mini ku a hanya.