Sanyin Benci da Turbar Gona

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti tsakanin Funtua da Malumfashi. A watan Disamba da Janairu, kafin in buɗe ɗakin awo da ƙarfe takwas, mata sun cika rumfa tun bayan sallar asuba don su samu kati da wuri. Rumfar ba ƙofa ba taga, bencin na siminti ne, jaura kuwa sai kaɗawa take yi da ƙurarta. Wannan zaman jira yana damuna ƙwarai, domin akwai wanda ke zuwa da ciwo ɗaya ya koma gida da biyu.

Bara wata baiwar Allah ta kawo jaririnta ɗan kwana tara. Ta naɗe shi da tawul ta ɗora a cinya, amma da na taɓa tafin ƙafarsa sai na ji kamar ruwan randa, ko nono ya ƙi kamawa. Ɗumin jikin jariri bai kamata ya sauka ƙasa da 36.5 ba, nasa ya sauka. Na ce mata, “Ƙanwata, bar masa hula da safa kawai, ki kwantar da shi a ƙirjinki, fata da fata, ki lulluɓe ku duka da zani.” Kafin awa guda ya ɗumama ya kama nono. Jikin uwa ya fi kowane bargo, kuma kan jariri in ba hula zafi na saurin fita ta nan.

Iyaye, ku koyi ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Uwa, in ya kai sau 60 ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar, ko kuma ki ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa: kada ki zauna bin layi, ki taso ki faɗa mana. Waɗannan na iya zama alamun nimoniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe yara ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019. Mai sikila ma sanyi na tayar masa da ciwon ƙashi, a zo masa da rigar sanyi da ruwan ɗumi a fulas. Ku shimfiɗa ko da kwali ne a kan bencin. Kaskon gawayi kuma, don Allah, ban da rufe ɗaki da shi da dare; iskar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kisa.

Dattawa masu hawan jini nasu daban ne. Sanyi na tsuke jijiyoyi, awo ya hau, shi ya sa nake barinsu su huta cikin ɗaki minti biyar kafin in ɗaura abin awo. Da na ce wa wani tsoho ya riƙa tattaki, sai ya ce, “'Yata, a ina? Bakin titi tirela da 'yan acaɓa.” Na tuna masa burtali da turbobin gona da ke bayan gari. An kwashe masara, an cire auduga, hanya ta buɗe, ƙasa ta bushe ba santsi. Mutanen Funtua suna da gefen dam na Mairuwa da lambunan da ke kusa. Minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau biyar.

Sai dai duk mun san halin tsaron yankinmu. A fita da hantsi bayan hazo ya ɗaga, mutum biyu ko uku, kada a wuce inda ake hango gidaje, a kuma tambayi mai unguwa turbar da ake bi a wannan makon. Tsohon nan yanzu shi da maƙwabcinsa suke zagaya fadamar bayan gidansu, rawani rufe da hanci saboda ƙura, ranar awo kuma da buzunsa yake zuwa ya shimfiɗa a kan benci.