Ɓoye Hatsi Don Jiran Tsada: Hukuncinsa da Illarsa ga Kasuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa ikhwani, mu mutanen Gidan Sori mun san yadda tiyar hatsi take araha da kaka, ta yi tsada idan damina ta kama rumbu ya ƙare. A tsakanin nan ne shaiɗan yake kafa tarkon ihtikari, wato saye abincin kasuwa a ɓoye shi har jama'a su ƙuntata, sannan a fitar.

Imam Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah (SAW) ya siffanta mai yin haka da mai saɓo. A mazhabarmu ta Malikiyya hanin ya shafi duk kayan da ɓoye su zai cutar da mutane. Amma manomin da ya ajiye dammunan gonarsa, da magidancin da ya tanadi cimakar iyalinsa, ba sa cikin hanin matuƙar ba a shiga halin lalura ba. Annabi (SAW) da kansa yakan tanadar wa iyalansa abincin shekara.

Abin da muke karanta a jami'a ya ƙara bayyana mini hikimar hukuncin. Idan tufa ta yi tsada, mutum yakan haƙura da tsohuwar rigarsa. Abinci kuwa ba ya jira. Shi ya sa buhuna kaɗan da aka janye daga kasuwa suke iya ɗaga farashi ƙwarai. Ribar mai ɓoyewa ba ta ƙara ko zangarniya ɗaya a ƙasa. Akuyar talaka ce da gonarsa suke komawa hannunsa.

Jihar Maraɗi ta ga haka a 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004. Akwai hatsi a kasuwanni, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, yara da yawa suka kamu da tamowa.

Ɗan ɗarika ya binciki zuciyarsa: wanda ke murna idan ruwa ya yi jinkiri saboda sitonsa cike yake, wane tawakkali ya rage masa? Mai hatsi ya fitar lokacin buƙata, zawiyoyinmu kuma su ƙarfafa bankunan cimaka na garuruwa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.