Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Barin Rata a Bayan Dutsen Ado?

Tambaya: Ina zaune da iyalina a gefen birnin Bankuba na ƙasar Kanada, a gidan katako irin na nan. Ina so a manna mini dutsen ado a fuskar gidan, kuma magina biyu sun yanka mini farashi. Na farko ya ce zai shimfiɗa takarda, ya buga ragar ƙarfe, ya manna dutsen, ya fesa maganin hana shan ruwa, shi ke nan. Na biyu ya ce sai an bar rata tsakanin dutsen da bango, kuma kuɗinsa ya fi yawa. Ni dai na san dutse ba ya ruɓewa. Shin ratar nan dole ce, ko dabarar cin kuɗi ce? Daga wani mai karatu a Kanada.

Amsa: Ka riƙe magini na biyu. Gaskiyarka ce dutse ba ya ruɓewa, amma ai ba dutsen ne ke ɗauke da gidanka ba. Katakon da ke bayansa ne, kuma shi ruwa ke nema.

Yawancin dutsen ado da ake sayarwa a wajenku ba daga tsauni aka faso shi ba. Siminti ne da tsakuwa marar nauyi da launi, a zuba a mazubi ya fito da kamannin dutse, kaurinsa bai cika wuce santimita 5 ba. Yana shan ruwa kamar sabuwar randa, ya riƙe, ya riƙa tsatso shi ta baya. Ko da na ainihi ka saya aka yanka shi falle-falle, kwaɓin simintin da ke tsakani yana sha, kuma yana tsagewa da zarar katako ya motsa saboda sanyi da zafi. Iska kuwa tana tura ruwan sama ta tsagar da ido ba ya gani. Har rana ma tana da nata aikin: idan ta haska jiƙaƙƙen dutse, danshin yakan zama tururi ya nufi ciki, wajen da ya fi sanyi. Saboda haka duk maginin da ya san aikinsa ya riga ya sallama cewa ruwa zai ratsa dutsen. Abin da ke gabansa shi ne ta inda ruwan zai fita.

Garin da kake zaune ya biya kuɗin wannan darasi da tsada. Daga shekarun 1980 zuwa ƙarshen 1990 an gina ɗimbin gidajen bene na katako a Bankuba da kewaye, da salon da aka aro daga wurare masu rana irin Kalifoniya: rufi ba baki, bango an shafe shi da filasta, an toshe kowace kafa da gam, da zaton ɗigo ɗaya ba zai shiga ba. Ga shi gari ne da ke samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Oktoba zuwa Maris, lokacin da babu ranar da za ta busar da komai. Ruwa ya shiga ta gefen tagogi da baranda, ya rasa mafita, katako ya ruɓe a ɓoye. Dubban iyalai suka wayi gari da bashin gyaran da ya fi ƙarfinsu, wasu suka rasa gidajen ɗungurungum. A 1998 gwamnatin lardin ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon firimiya Dave Barrett, kuma daga baya dokar gini ta wajabta barin rata ta kimanin milimita 10 a bayan rufin bango a yankunan gaɓar teku masu yawan ruwa. Niyuzilan ma ta sha irin wannan wahala, ita ratarta milimita 20 ce. Abin da ke ba ni takaici shi ne ilimin ba sabo ba ne. Tun 1963 wani masani a Hukumar Bincike ta Ƙasa ta Kanada, G. K. Garden, ya yi bayaninsa a rubuce, kuma manoman Norway sun daɗe suna gina rumbunan katako da wannan dabara.

Ga yadda bangon zai kasance idan ka bi shi daga ciki zuwa waje. Akwai ginshiƙan katako da allon da aka rufe su da shi. A kan allon ake shimfiɗa takardar hana ruwa, ana farawa daga ƙasa, kowane falle na sama ya hau kan na ƙasa don ruwa ya gangara ta kai. Wannan takarda ita ce ainihin garkuwar gidan. Sai ratar, wadda ake samarwa da siraran katakai a tsaye ko da wata tabarmar roba mai saƙa-saƙa. Bayan nan ne ragar ƙarfe, da shafen siminti na farko, sannan dutse. Ratar tana yanke tsotson ruwa daga siminti zuwa takarda, tana ba ɗigon da ya shigo hanyar gangarowa, iskar da ke ratsawa kuma ta busar da sauran. Idan tabarmar roba za a sa, ka duba tana da ƙyalle a fuskarta ta waje. In babu, kwaɓin siminti zai cika saƙar, ka biya kuɗin rata amma babu rata.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gindin bango. Mai gida yakan so dutsen ya sauka har ƙasa don ya yi kama da tushen gini, magini kuma ya biye masa. Kada ka yarda. A gindin ana buga wani kwano mai huji-huji wanda ruwan da ya gangaro ke fita ta cikinsa, kuma ƙa'idar da aka saba bi a Arewacin Amurka ita ce dutsen ya tsaya kimanin santimita 10 sama da ƙasa, ko santimita 5 sama da daɓe. In aka binne gindin, an toshe mafita, dutsen kuma ya dinga zuƙar laima daga ƙasa. A sa raga mai ƙananan ido a bakin ratar don hana ƙwari, a bar kafar iska a sama. Shuke-shuke da abin ban-ruwan fulawa su yi nesa da bangon.

Sai tagogi da ƙofofi. Kowacce tana buƙatar kwano a samanta mai juya ruwa waje, da shimfiɗa a ƙarƙashinta mai karkata zuwa waje. Inda dutse ya tsaya a rabin bango aka ci gaba da wani abu daban, nan ma sai da kwano da dutsen hula mai gangare. Akwai kuma wani ɗan kwano a wurin da bakin rufi ya haɗu da bango, wanda ke kautar da ruwan rufin zuwa cikin indararo. Bai kai tafin hannu biyu ba, amma rashinsa yakan sa ruwan rufi guda ya riƙa kwarara a bayan dutse duk damina. Ka tsaya ka gan shi da idonka kafin a rufe.

Maganin feshin da magini na farko ya ambata yana rage shan ruwa na ɗan lokaci, amma ba ya toshe tsaga, kuma wani irinsa yakan kulle danshi a ciki.

Ga masu karatunmu na gida da ke manna dutse a ginin bulo, musamman a garuruwa masu ruwa irin Fatakwal da Kalaba da Kumasi, lamarin ya fi sauƙi domin bulo ba ya ruɓewa. Duk da haka laimar takan bayyana a ɗaki: fenti ya kumbura, farin gishiri ya fito, fumfuna ta kama bayan kabad. Rufi mai baki mai tsawo, da hular siminti a saman katanga, da raba dutse da ƙasa suna magance mafi yawan wannan.

Kafin ka sa hannu, Malam, ka leƙa ofishin ba da izinin gini na ƙaramar hukumarku ka tambayi abin da doka ta tanada a unguwarku, domin aikin magini na farko zai iya saɓa mata. Ka nemi na biyun ya rubuta a takardar kwangila faɗin ratar, da irin takardar, da wuraren da kwano zai zauna. Idan an cire tsohon rufin bangon, a gwada danshin katakon da na'ura, a bari ya sauka ƙasa da kashi 19 cikin 100 kafin a rufe shi, duk wanda ya yi baƙi ko ya yi laushi kuma a canza shi. Ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka ka adana, don ranar sayar da gida ko neman inshora za a tambaye ka abin da ke bayan dutsen.