Wutar Gawayi A Daren Hunturu: A Wuyan Wa Alhakinta Yake?



Darasin wannan mako ya shafi wani abu ne wanda jama'a suka saba da shi har suka daina ganin girmansa, watau kwana da garwashi a rufaffen wuri. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya ta nufi Maraɗi a watan Disamba ko Janairu, ya san irin sanyin da ke sauka a Magama da Mazanya da zarar dare ya raba. A nan ne direbobin manyan motoci da yaransu da fatake ke kwana suna jiran a gama duba takardunsu, wani a gaban mota, wani a ƙarƙashin tamfol, wani kuwa a cikin shagon kwantena wanda ba shi da taga ko ɗaya. A lokutan da aka rufe iyaka, kamar rufewar da aka yi a watan Agusta na 2019, wadda ba a ɗage ta a mashigar Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022, da kuma ta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, jiran nan ya kai wasu ga mayar da mota ɗaki, a cikinta ake ci, a cikinta ake barci. Mutumin da ya sami kansa a wannan hali, sanyi na kaɗa shi, ga murhun gawayi da ya gama dafa shayi da shi yana ja wur, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta raya masa ya jawo shi ciki ya rufe ƙofa.

Ita wuta ni'ima ce, ba a musun wannan. A cikin Suratul Waƙi'a, daga aya ta 71 zuwa ta 73, Allah ya lissafa ta cikin ni'imominsa, ya bayyana cewa ya sanya ta abin tunatarwa, kuma abin amfani ga waɗanda ya kira muƙwina. Kalmar nan ta fito ne daga sunan da Larabawa ke kiran fili wofintacce wanda babu kowa a cikinsa, saboda haka masu tafsiri da yawa suka fassara ta da matafiya, domin su ne ke sauka a irin wannan wuri, su ne kuma suka fi kowa bukatar wuta. Direban da ya hura gawayi a bakin iyaka yana cikin waɗanda ayar ta ambata. Amma kafin ayar ta ambaci amfani sai da ta ambaci tunatarwa.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, Allah ya yarda da shi, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare. Da aka ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya siffanta wuta da cewa abokiyar gaba ce ga mutane, ya yi umurni da a kashe ta in za a yi barci. Sun kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar hanin barin wuta a cikin gidaje lokacin barci. A hadisin Jabir an ambaci dalili, watau ɓera yakan ja lagwanin fitila ya ƙone gida, kuma a nan aka kira shi fuwaisiƙa, ƙaramar fasiƙa ke nan, don ƙanƙantarsa da yawan ɓarnarsa. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa hanin ya game kowace irin wuta, ta fitila da wadda ba ta fitila ba, sai dai in an amince daga cutarwarta, kamar fitilun da ake ratayewa a masallatai. Da wannan aka gane cewa hukuncin yana tafiya ne tare da illarsa: inda tsoron cuta yake, hani yana nan.

Akwai wata magana ta Imam Ƙurɗubi wadda Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari, wadda ta dace ƙwarai da masu kwanan taro. Ya nuna cewa wanda ya kwana shi kaɗai a ɗakin da akwai wuta, shi ne zai kashe ta, ko ya yi mata abin da zai amintar da shi daga ƙonewa. In kuwa jama'a ne, to, aikin ya hau kan wasunsu, wanda ya fi cancanta da shi kuwa shi ne na ƙarshen kwanciya. A duba yadda malamin ya tsayar da mutum guda. Dalili kuwa sananne ne, domin in mutum biyar suka kwana a shago ɗaya kowa yakan ɗauka wani zai tashi ya fitar da murhu, har barci ya kwashe su gaba ɗaya.

To, amma cutar da magabata suka fi ambata ita ce gobara. Akwai ta biyu wadda ta fi ta ɓoyuwa, wadda likitoci suka bayyana yadda take. Idan gawayi ko itace na ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yakan fitar da wata iska mai guba wadda ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa ido hawaye, ba ta sa tari. Idan aka shaƙe ta sai ta shiga jini ta kama sinadarin nan da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin zuwa ga ƙwaƙwalwa da zuciya, kuma ƙarfin kamunta ya fi na oksijin sau fiye da 200. Sai ya zama mutum yana numfashi lafiya lau a zahiri, alhali kuwa jikinsa yana shaƙewa daga ciki. Wanda yake a farke yakan fara da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki, har ya kai yana son ya tashi ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya jin komai.

A nan ne wajibi a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Mutane da yawa sun ɗauka illar gawayi tana cikin hayaƙinsa ne, saboda haka sai su bar shi a waje ya ruru, in ya yi ja ya daina hayaƙi sai su shigar da shi ɗaki suna ganin sun yi dabara. Garwashin nan ja wanda ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar muddin yana ci. Rufe shi da toka ba ya tsayar da ita. Kwanciya a ƙasa ma ba ta tserar da kowa, domin nauyinta ya yi kusa da na iskar da ake shaƙa, garwayuwa take yi da ita ta cika ɗakin. Haka abin yake ga kaskon turaren wuta da mata ke bari a ɗaki, da garwashin da ake ajiye wa mai jego da jaririnta, da janareto da ake tayarwa a zaure ko cikin shago don tsoron ɓarayi, da injin mota da aka bari yana aiki a rufaffen wuri. Yara ƙanana da masu juna biyu da tsofaffi da masu ciwon zuciya su ne take fara kayarwa. Kuma da yake alamominta sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, sai ka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai su duka, a tafi neman maganin zazzaɓi, ko a ce iskokai ne, ko a fara zargin abincin da wata ta dafa, da dare kuma a sake shigar da kaskon. Zargin bayin Allah da sammu a kan abin da gawayi ya aikata zunubi ne na biyu a kan na farko.

Matsalar ba ta mutanen tudu kaɗai ba ce. A Ingila akwai masu zama a cikin ƙananan jiragen ruwa a kan magudanan ƙasar, suna ɗumama su da murhun itace da kwal, kuma saboda asarar rayuka ta wannan hanya aka wajabta musu ajiye na'urar da ke yin ƙara in ta ji gubar, tun daga watan Afrilu na 2019. Masuntan Tafkin Chadi da na Kwara a wajen Yawuri, waɗanda kan yi girki a cikin jirgi, su ma suna tsakanin wuta da ruwa. Jirgi kuwa shi ne misalin da Annabi ya buga a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir wanda Buhari ya ruwaito: mutane sun yi ƙuri'a a kan jirgi, wasu suka sami sama, wasu ƙasa, na ƙasa suka yi shawarar su huda nasu rabon don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In an bar su kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Abin lura shi ne niyyar masu hudawar kyakkyawa ce, kuma a cikin rabonsu za su yi hujin. Haka mai shigar da murhu yake, tausayin abokan kwana ne ya sa shi, gawayin kuma nasa ne, da kuɗinsa ya saya. Duk wannan bai canja sakamakon ba. Motar da aka lulluɓe da tamfol, da jerin shagunan da suka haɗa bango, wani na sayar da shayi, na kusa da shi na ajiye da jarkokin fetur, duk hukuncinsu hukuncin jirgin nan ne, kuma wanda ya gani ya yi shiru don kada a ce ya cika shisshigi, ya bar aikin da aka ɗora wa na sama.

Ta fuskar fiƙihu, malaman mazhabar Malikiyya sun tattauna lamunin abin da wuta ta ɓata. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin abubuwan da ke wajabta ramuwa. Asalin ƙa'idar shi ne a duba sakaci: wanda ya hura wuta a inda al'ada ta nuna ba ta isa ga kowa, sa'an nan wani abu da ba a zata ba ya kai ta, babu komai a kansa, wanda kuwa ya hura ta a wuri ko a lokacin da masu hankali suka san ba a amince mata ba, ya lamunci abin da ta ci. Iskar hunturu a ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce ga kowa. In kuwa rai ne ya salwanta, to, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora wa kisan kuskure diyya da kaffara, watau 'yanta wuya, in babu sai azumin wata biyu a jere. Ko wani lamari na musamman ya shiga ƙarƙashin wannan ko bai shiga ba, alƙali ne ke dubawa, amma ya isa tsoratarwa a san cewa Shari'a ba ta ɗauki rashin niyya a matsayin abin da ke share komai ba. Kuma alhaki yana ƙara nauyi gwargwadon iko. Direba shi ne makiyayin yaron motarsa, maigida shi ne na iyalinsa, malamin tsangaya shi ne na almajiransa, mai shago shi ne na yaron da ya kulle a ciki ya yi masa gadi. Wanda ya hana yaro bargo, sa'an nan ya bar shi da kaskon wuta a ɗakin da ba taga, ba zai ce yaron ne ya jawo wa kansa ba.

Saura maganar da aka fi fakewa da ita, watau ƙaddara. Gaskiya ne ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare, kuma ya tabbata a Muwaɗɗa cewa wanda gobara ta ci da wanda ya nutse suna cikin waɗanda ake lissafawa shahidai. Sai dai wannan bushara ce ga wanda musiba ta afka wa, ba izini ba ne ga mai rai ya yi wasa da sababinta. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa ga halaka. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Sayyidina Umar ma, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, komawa ya yi da jama'arsa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce. Jahilci uzuri ne ga wanda bai taɓa ji ba, amma wanda labarin gubar nan ya iske, uzurinsa ya yanke daga ranar.

Abin da ya kamata kuwa ba shi da tsada. A yi girki da shan ɗumi a waje ko a buɗaɗɗiyar rumfa, nesa da fetur da buhunan kaya da gefen tamfol. In lokacin kwanciya ya yi, na ƙarshen kwanciya ya kashe garwashin da ruwa ko ƙasa a waje, ya tabbata ya mutu, kada ya zuba toka mai zafi inda iska za ta kwashe ta. Ɗan buɗe taga kaɗan ba ya wadatarwa a kwana da gawayi. A nemi ɗumi daga bargo da rigar sanyi da hula da safa, kuɗin gawayin 'yan makonni zai sayi wasu daga cikinsu. Idan kuwa aka tarar da mutane a ɗaki sun galabaita, ko an kasa tada su, a buɗe ƙofa da taga nan take, a fitar da su sarari, mai ceton kuma kada ya daɗe a ciki. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan rubutu yana cikin wannan hali, domin suna iya bi ta hanyar numfashi su shaƙe shi. A gaggauta kai su asibiti ko da sun farfaɗo, a gaya wa likita cewa da gawayi suka kwana, domin maganinta iskar oksijin ce, kuma illarta ga ƙwaƙwalwa takan bayyana bayan kwanaki.