DARASI DOMIN ZUMUNTAR MATA: IDAN FAYA TA FASHE KAFIN NAƘUDA

Dukanmu mun san yadda haihuwa takan zo. Naƙuda takan fara, ciwo ya yi ta ƙaruwa, sa'an nan faya ta fashe, jariri ya biyo baya. Amma wani lokaci faya takan riga naƙuda. Mace tana daka, ko tana kwance da dare, sai ta ji ruwa ya zubo mata, ba ciwon mara, ba ciwon baya. Wannan yakan sami mace wajen 8 cikin 100 na waɗanda cikinsu ya isa haihuwa. Da yake babu ciwo, mutanen gida sukan ce a jira. Jiran nan shi ne haɗarin.

AIKIN FAYA

Allah ya ajiye jariri cikin jakar ruwa a mahaifa. Jakar nan tana tsare shi daga bugu, tana kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. Mai kiwon kaji ya sani, ƙwan da ya tsage a ƙarƙashin kaza baragurbi yakan zama, gama ƙazanta ta sami hanya. Haka yake ga mahaifa. Da zarar faya ta fashe, ƙofa ta buɗe. Kowace awa da ta wuce, cuta tana ƙara samun damar kama uwa da ɗa.

Abin da yakan jawo shi ya haɗa da ciwon sanyi, ciwon mafitsara, cikin tagwaye, da yawan ruwa a mahaifa. Sau da yawa kuma ba a ganin dalili. Ba laifin macen ba ne, ba kuma aikin maƙiya ba ne.

YADDA ZA MU GANE

Mace takan iya tsai da fitsari, amma ba ta iya tsai da ruwan faya. Ruwan fari ne, ba shi da zarnin fitsari. Yakan zubo gaba ɗaya, ko kuwa ya riƙa ɗiga kaɗan kaɗan. Idan muna shakka, macen ta sa ƙyalle mai tsabta. In ya jiƙe cikin awa ɗaya, mu ɗauka faya ce.

ABIN DA ZA MU YI

1. Mu lura da lokacin da ruwan ya fara, da kamanninsa. Za a tambaye mu a asibiti.
2. Mu kai ta asibiti a ranar, ko da ba ta jin ciwo.
3. Ta tafi da katin awon ciki, da kayan haihuwa.
4. Ta ci abinci marar nauyi, ta sha ruwa sosai.

ABIN DA BA ZA MU YI BA

1. Kada ungozoma ta sa yatsa domin ta duba. Yatsa yakan tura cuta ciki.
2. Kada a cusa ganye ko wani magani. Kada a yi yankan gishiri.
3. Kada ta zauna cikin ruwa, kada kuma ta kwana da mijinta.
4. Kada a ba ta jiƙo, ko a kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda. Wannan yana iya fasa mahaifa.

ALAMUN GAGGAWA

Idan muka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko tsakar dare ne, a nemi mota: zazzaɓi, ruwa mai wari, ruwa kore, jini, ko jariri ya rage motsi. Idan cibiya ta fito kafin jariri, kada a ja ta, kada a mai da ita. Macen ta durƙusa, ƙirjinta a ƙasa, ƙugunta a sama, domin kada kan jariri ya danne cibiyar. A haka za a kai ta.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Idan ciki ya kai mako 37, wato wajen wata takwas da rabi, yawancin mata sukan fara naƙuda da kansu kafin kwana ɗaya. In ba ta fara ba, likita zai tā da ita da magani, yana lura da uwa da ɗa. In ruwa ya kai awa 18 yana zuba, akan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Idan kuwa ciki bai isa ba, akan kwantar da macen, a ba ta maganin cuta, a riƙa auna zafin jikinta. Kafin mako 34 akan yi mata allura wadda take ƙarfafa huhun jariri, domin ya iya numfashi idan ya zo bakwaini. Ba za mu iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan a gida ba.

ABIN DA YAKE HANA MU TAFIYA

Abu uku ne: kunya, izini, da kuɗi. Yarinya mai cikin fari takan ji kunyar surukarta, ta wanke zane a ɓoye ta yi shiru. Mu iyaye mata, mu gaya wa 'ya'yanmu da surukanmu tun da wuri cewa faɗin wannan ba rashin kunya ba ne. Maigida kuma ya ba da izini tun kafin ya tafi gona ko kasuwa, ya ajiye kuɗin mota tun ciki yana wata shida. Zumuntar Mata za ta iya tara hatsi lokacin kaka, ta sayar, ta ajiye kuɗin domin irin wannan rana. Gwamma mu je a ce mana fitsari ne mu komo gida, da mu zauna mu yi asarar rai biyu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Awa nawa ne daga ƙauyenmu zuwa asibitin da ake haihuwa? Da damina fa?
2. Wa yake da abin hawa da za a iya tā da shi da dare?
3. Idan maigida ba ya nan, wa zai ce a tafi?

Mu rufe da addu'a domin mata masu juna biyu na ikkilisiyarmu da na maƙwabtanmu duka. Ubangiji ya sauke su lafiya. Amin.